Maldibs: Tsibiran da Suka Haifi Kuɗinmu

Duk mai sauraron labarai a rediyo ya saba jin ana cewa wane ya ba da gudunmawar tsabar kuɗi, wuri na gugar wuri, har naira miliyan kaza. Mukan faɗi maganar ba mu tsaya mun tambayi wane wuri ne ke gugar wani ba. Wuri dai shi ne ɗan farin ƙwanson nan na teku da kakanninmu suka yi ciniki da shi, kuma kalmar kuɗi ita kanta jam'insa ce: in ɗaya ne wuri, in suna da yawa kuɗi. To amma ƙasar Hausa ba ta da teku. Daga ina wurin ya zo?

Mafi yawan wurin da aka fara kashewa a kasuwanninmu daga tsibiran Maldibs ya fito, can tsakiyar Tekun Indiya. Ita ce ƙasar nan da hotunanta ke yawo a wayoyinmu: ruwa garau ana hango ƙasansa, farin rairayi, ɗakunan katako a kan ruwa, ango da amarya sun je hutun amarci. Ƙasar da a yau ke sayar wa duniya hutu, ita ce ta yi ɗaruruwan shekaru tana sayar wa duniya kuɗi. Wanda ya san yadda cinikin farko ya tashi ya kuma faɗi, zai fi gane halin da na biyu ke ciki.

Ƙasa a bisa murjani

Maldibs tana kudu maso yammacin Indiya da Siri Lanka. Tsibirai ne ƙanana kusan 1,190, sun jeru daga arewa zuwa kudu tsawon sama da kilomita 800, har sun tsallaka layin da ya raba duniya biyu. A rukuni-rukuni suke, rukuni 26, kowanne ya yi zobe ya kewaye ruwa marar zurfi a tsakiyarsa. In aka haɗa busasshiyar ƙasar duka ba ta wuce murabba'in kilomita 300 ba, shi ya sa ita ce ƙasa mafi ƙanƙanta a nahiyar Asiya. Tsibiran da mutane ke zaune a kansu ba su kai 200 ba. Ƙidayar 2022 ta nuna mazauna ƙasar sun ɗan haura 500,000, har da baƙi 'yan ci-rani.

Babu dutse ko tudu ko kogi. Tsibiran sun samu ne daga murjani, wasu ƙananan halittun ruwa da ke gina wa kansu gida mai tauri kamar dutse, su mutu, wasu su ɗora a kai, har ginin ya taso kusa da saman ruwa, igiya ta tara rairayi a kansa. Don haka mafi yawan ƙasar bai fi mita ɗaya ba sama da teku. Ƙasar rairayi ce, shinkafa ba ta yi, alkama ba ta yi. Abin da Allah ya hore musu shi ne kwakwa da kifi da wuri. Wannan shi ya tsara tarihinsu tun farko: dole su sayar wa na nesa wani abu kafin su ci tuwo.

Kafin Musulunci addinin Buda suke bi. A 1153 sarkinsu ya musulunta, jama'a suka bi shi. Ana danganta shiriyar da wani malami, Abul Barakat Yusuf, wanda kabarinsa ke birnin Male har yanzu, daura da tsohon masallacin Juma'a. Harshensu Dibehi, suna rubuta shi daga dama zuwa hagu da wasu haruffa nasu na kansu da ake kira Tana, waɗanda tara na farkonsu daga alƙaluman lissafi na Larabci aka samo su.

Alƙalin da ya ga wuri a gida biyu

A ƙarshen 1343 matafiyin nan ɗan Maroko, Ibn Batuta, ya sauka a Male. Lokacin mace ce ke kan gadon sarauta, Sarauniya Khadija, mutanen kuma Malikawa ne kamarmu, sai daga baya suka koma mazhabar Shafi'i. Da suka ga malami ya zo daga fadar Delhi, sai suka riƙe shi suka naɗa shi alƙali. Ya yi aure a cikinsu har mata huɗu, ya sa ana yi wa masu ƙin zuwa Juma'a bulala, ya yi ta fama da matan tsibirin su riƙa rufe jikinsu gaba ɗaya, abin bai yiwu masa ba, kamar yadda shi da kansa ya amsa. Daga ƙarshe ya saɓa da waziri ya tattara ya tafi.

Abin da ya fi shafarmu a labarinsa shi ne wuri. Ya bayyana yadda ake tsamo halittar daga ruwa, a binne ta a ramuka a bakin teku har namanta ya ruɓe, a bar farin ƙwanson. A Male, in ji shi, dinari ɗaya na zinariya yana sayen wuri 400,000, wani lokaci ma fiye. Mutanen Bangal suna kawo shinkafa su karɓi wuri. 'Yan Yaman kuwa suna zuba shi a gindin jiragensu a maimakon rairayi, don jirgi ya yi nauyi ya daidaita a kan ruwa.

Bayan kamar shekara tara, wannan mutumin ya ƙetare Sahara ya shiga daular Mali. A Mali da Gawo ya tarar da irin wannan wuri, amma 1,150 kacal ake bayarwa a dinari. Abin da ake awo da kwando a Male ya zama abin ƙirgawa ɗaya-ɗaya a bakin Kwara. Daga nan ya wuce Takedda, a yankin Azbin, inda ya ambaci cewa ana kai tagullar garin zuwa Gobir. Ke nan mutum ɗaya ya ga mafarin hanyar, ya kuma iso kusa da ƙofar gidanmu.

Me ya sa wuri ya dace da zama kuɗi? Ba ya ruɓewa, ba ya fashewa da sauƙi, ba a iya ƙera na jabu, kuma ƙanana ne ƙwarai, har mai sayen daddawa ko ƙuli-ƙuli na iya biya daidai ba tare da neman canji ba. Ga shi kuma mai nisan asali, ba wanda zai fita bayan gari ya ɗebo. Sarakunan Maldibs sun riƙe cinikin a hannunsu, ta Male kaɗai ake fitar da shi.

Jiragen Turawa da farashin mutum

Turawan Fotugal sun mamaye Male a 1558, suka zauna shekara 15 kafin Muhammad Takurufanu ya kore su a 1573. Har gobe shi ne gwarzon ƙasar. A 1602 jirgin wani Bafaranshe, François Pyrard, ya fashe a tsibiran, ya zauna cikinsu har 1607. Ya ba da labarin jirage talatin zuwa arba'in da ya ga ana yi musu lodin wuri zalla a shekara guda, an ɗure shi a kwandunan ganyen kwakwa, kowane kwando 12,000.

Daga ƙarni na 17 sai hanyar ta canja. 'Yan Holan suna sayen wurin ta Siri Lanka, Ingilishi suna saye ta Bangal, su zuba shi a gindin jirgi, su zagaya ta ƙasan Afirka zuwa Amsterdam da Landan. A can ake gwanjonsa ga masu fataucin bayi, su sake lodinsa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, musamman Wida da ke Jamhuriyar Benin ta yau, da kuma Legas daga baya. Masana tarihi biyu, Jan Hogendorn da Marion Johnson, waɗanda suka wallafa bincike a kan wannan ciniki a 1986, sun ƙiyasta cewa a ƙarni na 18 kaɗai Holan da Ingila sun kawo wuri kimanin biliyan 10. Babban abin da aka saya da shi mutane ne. Matar da ke tsintar wuri cikin ruwa iya gwiwa a wani tsibirin Maldibs ba ta san cewa kwandonta zai je ya zama farashin ɗan wata ba.

Daga gaɓar teku wuri ya hauro arewa ta ƙasar Yarbawa da Nufe. Tarihin Kano ya nuna a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Kafin a yi nisa ya zama shi ne sadaki, shi ne haraji, shi ne kuɗin goro. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ana canjin dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300, kuma iyali na iya rayuwa shekara guda da 50,000 zuwa 60,000. A Tasawa ya ga yadda ake zama a ƙirga wuri 500,000, biyar-biyar, da yatsu, don mu nan ba a shirya shi a zare kamar yadda ake yi a bakin teku. Buhun 20,000 shi ake kira keso, kayan mutum guda ke nan.

Yadda kasuwa ta mutu

Abin da ya karya Maldibs daga Zanzibar ya fito. A gaɓar Afirka ta Gabas akwai wani wuri ɗan'uwan na Maldibs, ya ɗan fi shi girma, yana da zobe ruwan ɗorawa a bayansa, kuma ya fi araha nesa ba kusa ba. Wajen 1845 'yan kasuwar Hamburg suka gwada kawo shi Afirka ta Yamma, aka karɓa. Faransawa suka bi sahu. Cikin shekara ashirin suka zubo biliyoyinsa, da shi suke sayen manja. Da kuɗi suka yi yawa sai darajarsu ta zube. Ya kai ga fatake na lissafin cewa ladan 'yan dakon da za su ɗauki kuɗin zai cinye kuɗin kafin a isa. A 1904 Turawan mulkin mallaka suka hana shigo da wuri, daga baya suka fito da anini don ƙananan saye-saye, suka ce haraji sai da tsabar Bature. Wuri ya koma adon kitso da laya da kayan 'yan bori da na 'yan caca.

A Male babu wanda aka yi shawara da shi. Wasu 'yan kasuwa a Hamburg da wasu gwamnoni a Legas suka yanke hukunci, sana'ar da ta ciyar da tsibiran ɗaruruwan shekaru ta mutu. Suka koma ga busasshen kifin tuna da suke kai wa Siri Lanka. A 1887 suka shiga ƙarƙashin kariyar Ingila, suka sami 'yanci ranar 26 ga Yuli 1965, aka soke sarauta a 1968, Ibrahim Nasir ya zama shugaban ƙasa. A lokacin suna cikin ƙasashe mafi talauci a duniya, matsakaicin tsawon rai bai kai shekara 50 ba. A farkon shekarun 1970 kuma Siri Lanka ta shiga ƙarancin kuɗin waje ta rage sayen kifin. A 1976 Ingila ta rufe sansanin sojan samanta na tsibirin Gan, ma'aikata da dama suka rasa abin yi. Karo na biyu ke nan mai saye ya juya baya.

Ɗakuna talatin a 1972

A 1971 wani Ba'italiye mai shirya tafiye-tafiye, George Corbin, ya haɗu da wani matashin ma'aikacin ofishin jakadancin Maldibs a Kolombo, Ahmed Naseem, wanda daga baya ya zama ministan harkokin waje. Naseem ya kawo shi Male ya haɗa shi da Mohamed Umar Maniku da abokansa. A Fabrairun 1972 Corbin ya dawo da baƙi 22 daga Italiya, aka sauke su a gidajen mutane a Male, matasan nan su ne masu girki, su ne masu kai su kamun kifi. Ranar 3 ga Oktoban shekarar suka buɗe wurin shaƙatawa na farko a wani tsibirin da ba kowa, kusa da filin jirgi. Suka sa masa suna Kurumba, wato ɗanyar kwakwa. Ɗakuna 30 ne, bangon dutsen murjani, rufin ganyen kwakwa, ruwan wanka mai gishiri-gishiri. A shekarar baƙi dubu ɗaya da 'yan kai suka zo ƙasar.

A 1978 mulki ya koma hannun Maumoon Abdul Gayoom, kuma nan ma akwai zaren da ya haɗa mu. Gayoom ɗalibin Azhar ne, kuma daga 1969 zuwa 1971 ya koyar da darussan Musulunci a Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, wadda ta zama Jami'ar Bayero. Malamin da ya yi zama a Kano shi ne ya riƙe Maldibs shekara 30, shi ne kuma ya fuskanci tambayar da kowace ƙasar Musulmi mai neman kuɗin baƙi ke fuskanta: yaya za a karɓi kuɗin mai shan giya, mai yawo da ɗan kamfai a bakin ruwa, ba tare da al'adarsa ta shigo cikin gida ba?

Amsar da suka bayar ta dace da yanayin ƙasarsu: tsibiri ɗaya, otal ɗaya. Gwamnati ce mai tsibiran da ba mutane, sai ta ba ɗan kasuwa haya na shekaru, ya gina otal, ya samar wa kansa lantarki da ruwan sha. A can an halatta giya da naman alade ga baƙo. A tsibiran da jama'a ke zaune kuwa haram ne. A farkon shekarun akwai Turawa 'yan yawon duniya da ke kwana a ƙauyuka, sai a 1984 aka hana saukar baƙi a tsibiran jama'a in ban da Male. Baƙo zai sauka a filin jirgi, kwale-kwale mai inji ko jirgin sama mai sauka a kan ruwa ya ɗauke shi, ya yi mako guda ya koma, bai ji kiran salla ko sau ɗaya ba. Wasu otal-otal ɗin har agogonsu daban, sukan tura shi gaba da awa ɗaya a kan na Male don baƙi su more hasken yamma.

Tsarin ya kawo kuɗi. Bayan an faɗaɗa filin jirgin Male a 1981 jirage suka fara zuwa kai tsaye daga Turai. Baƙi suka kai miliyan ɗaya a 2013, miliyan 1.7 a 2019, suka haura miliyan biyu a 2024, wato kusan baƙo huɗu ga kowane mazaunin ƙasar. Otal-otal na tsibiri sun haura 170. A 2005 aka buɗe gidan abinci na gilashi mita biyar a ƙarƙashin ruwa a tsibirin Rangali. A 2011 hukumar UNESCO ta sanya rukunin tsibiran Baa cikin wuraren da ake kiyaye halittunsu, saboda mashigar Hanifaru inda manyan kifaye masu faɗi kamar faifai ke taruwa. Da harajin baƙi aka gina makarantu da asibitoci, kusan kowa ya iya karatu da rubutu, tsawon rai ya doshi shekara 80. A 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta cire Maldibs daga jerin ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba.

Abin da hoto ba ya nunawa

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Hayar tsibirai ta taru a hannun 'yan gidaje kaɗan da manyan kamfanonin waje, kuma masu otal sun zama masu faɗa a ji a majalisa. Fiye da rabin ma'aikatan otal-otal baƙi ne, daga Bangaladash da Indiya da Siri Lanka da sauransu, matan ƙasar kuwa kaɗan ne ke aikin, don iyaye ba sa son 'yarsu ta kwana a tsibirin da ake sayar da giya. Magidanci yakan yi watanni a ɗakin ma'aikata a bayan otal bai ga iyalinsa ba. Su kuma jama'a sun yi ta tururuwa zuwa Male neman makaranta da asibiti, har birnin ya zama ɗaya daga cikin mafi cunkoso a duniya. Shara kuma, tun 1992 ake jibge ta a Tilafushi, wani wuri marar zurfi yamma da Male, har ta zama tsibiri, aka yi shekaru hayaƙinta na tashi.

Mulkin Gayoom ma bai kasance mai sauƙi ga 'yan adawa ba. Mohamed Nasheed, wanda aka sha ɗaurewa a zamaninsa, shi ya kayar da shi a zaɓen 2008. A 2009 gwamnatin Nasheed ta ɗage haramcin 1984, ta ba jama'a damar buɗe masaukin baƙi a garuruwansu. Tsibirin Mafushi, wanda a da gidan yari aka san shi da shi, shi ya fara a 2010. Yanzu irin waɗannan masaukai ɗaruruwa ne, kuɗi ya fara shiga hannun mai shago da mai kwale-kwale. Amma tambayar da aka kauce mata shekara 25 ta dawo. Garuruwa suka ware wani yanki na bakin ruwa suka kewaye shi don baƙi masu ƙananan kaya. A ƙarshen 2011, bayan zanga-zangar ƙungiyoyin addini, gwamnati ta ba da umarnin rufe wuraren tausa na otal-otal, ta janye bayan 'yan kwanaki. Ranar 7 ga Fabrairun 2012, ranar da Nasheed ya sauka daga mulki cikin rikici, wasu suka shiga gidan tarihi na ƙasa suka farfasa sassaƙe-sassaƙen zamanin Buda da aka yi da murjani. Bayan haka sai badaƙalar hayar tsibirai ta 2014 da 2015, inda sama da dala miliyan 70 na gwamnati suka salwanta, har mataimakin shugaban ƙasa Ahmed Adeeb ya tafi gidan yari.

Sai kuma tsohuwar cutar, wato dogaro da mai saye na nesa. Ranar 26 ga Disamba 2004 igiyar sunami ta haye tsibiran, ta kashe sama da mutum 80, asarar ta kai kusan kashi 62 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa a shekara. A ƙarshen Maris 2020 annobar korona ta sa aka rufe iyaka har 15 ga Yuli, baƙi suka faɗo zuwa kimanin 555,000, tattalin arziki ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a shekara guda. A Janairun 2024 wasu ƙananan ministoci uku suka yi wa Firaministan Indiya Narendra Modi shaguɓe a shafukan sada zumunta, Indiyawa suka yi gangamin ƙaurace wa ƙasar a intanet, suna cewa ai su ma suna da tsibiran Lakshadwip. Aka dakatar da ministocin, amma Indiya, wadda ita ce ta ɗaya wajen turo baƙi a 2023, ta sauko ƙasa sosai. Wannan ita ce barazanar Zanzibar a sabuwar riga: farin rairayi da ruwa garau akwai su a wasu wuraren, kuma a yau hoto ɗaya a waya ya isa ya karkatar da mai saye. Ga bashin gwamnati da ya zarce abin da ƙasar ke samarwa a shekara, wanda da dalar baƙi ake sa ran biyansa.

Teku mai bayarwa, teku mai karɓa

A Afrilun 1987 manyan igiyoyi suka shanye wani ɓangare na Male. A shekarar Gayoom ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi gargaɗi cewa hauhawar teku na iya shafe ƙasarsa, lokacin da 'yan siyasa kaɗan ne ke maganar ɗumamar yanayi. Japan ta taimaka aka kewaye Male da katangar kankare. Daga 1997 aka fara yaso rairayi daga ƙasan teku ana gina sabon tsibiri, Hulhumale, mai tsayin kusan mita biyu, aka fara zama a kansa a 2004. Ranar 17 ga Oktoba 2009 Nasheed da ministocinsa suka sa kayan nutso suka yi zaman majalisar zartarwa a ƙarƙashin ruwa, don duniya ta waiwayo.

Murjanin da ya gina ƙasar ba ya jure zafi. In ruwa ya ɗumama fiye da kima sai ya yi fari fat, in zafin ya daɗe ya mutu. Haka ta faru a 1998, ta sake faruwa a 2016, aka yi asara mai yawa. Murjani shi ne katangar da ke karya ƙarfin igiya, shi ne gidan ƙananan kifin da masunta ke yin koto da su, shi ne kuma abin da baƙo ya biya kuɗi ya zo kallo. Ga kuma inda gizo ke saƙar: kowane baƙo a jirgin sama yake zuwa daga dubban kilomitoci, kowane otal da man dizal yake kunna na'urar sanyaya ɗaki da ta tace ruwan teku, sababbin otal-otal kuma ana gina wasunsu ne a kan rairayin da aka yaso aka zuba a bisa murjani. Sana'ar da ke ciyar da ƙasar tana cikin abubuwan da ke cin gindinta, kuma ba su da wata da za ta maye gurbinta gobe. Gwamnati tana karɓar harajin muhalli a kan kowane baƙo kowace rana, dala shida tun 2015, aka ninka shi a manyan otal-otal a 2025.

Mu da ke kallon Tafkin Chadi da hamadar da ke gangarowa, mun san yadda ƙasa ke zamewa daga ƙarƙashin ƙafar mutanen da ba su ne suka ɓata yanayin ba. Mun kuma san abin da ake nufi da ƙasa ta rataya cikinta a kan haja guda da wasu ke yanka wa farashi, tun daga dalar gyada har zuwa gangar mai.

Maldibs tana ba 'yan kusan kowace ƙasa bizar kwana 30 kyauta a filin jirgi, kuma 'yan'uwanmu masu hali sun fara zuwa. Wanda Allah ya nufa da tafiyar, kada ya wuce kai tsaye zuwa tsibirin otal. Ya tsallaka gadar Sinamale da aka buɗe a 2018 ya shiga Male, ya nemi Hukuru Miskiy, masallacin Juma'ar da Sarki Ibrahim Iskandar ya gina a shekarun 1650 da tubalan murjani masu sassaƙa, ya yi salla a ciki. Ya leƙa kasuwar kifi da la'asar lokacin da masunta ke sauke tuna da suka kama ɗaya-ɗaya da ƙugiya da sanda. In ya ji ana kaɗa manyan gangunan boduberu, ya saurara da kyau, don su kansu mutanen ƙasar suna danganta asalin kiɗan da 'yan Afirka da teku ta kawo musu. In kuma ya ga wuri a bakin ruwa, ya duba bayansa: na Maldibs ƙarami ne mai ɗan ƙulli-ƙulli a gefe, irin wanda aka biya sadakin kakannin kakanninmu da shi a zamanin Sharefa.